Masu Cin Abinci a Gefen Tukunyar Burukutu

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasel, cikin sharuɗɗanta har da hana kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkinsa a 1900, sai ya sa Arewa cikin wannan hani. Kwalaben da suka cika kasuwannin Legas da Kalaba ba su da izinin shigowa, sai ta fasa-ƙwauri. Lafiya, garin da Barebari suka kafa ƙarƙashin Muhammadu Dunama a ƙarshen ƙarni na 18, tana cikin yankin da dokar ta shafa.

Hanin bai kashe tukunyar ƙauye ba. A karkarar Eggon da Migili da Tibi da ke kewayen Lafiya, burukutu abin gayyar noma ne da biki da makoki, kuma mata ke dafa shi. Aikin kan ci kusan mako guda: a jiƙa dawa, a baza ta ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ya yi tsami, a sake ɗorawa a wuta, sannan a bar shi ya tashi. Ga shi ba ya ajiyuwa, kwana ɗaya ko biyu ya lalace. Don haka mai dafawa kullum cikin saye take, kuma a nan ne wasu sana'o'i suka samu gindin zama.

Maginiyar tukwane ce kan gaba, domin randar da za ta jure wuta yini guda ba kowane hannu ke gina ta ba. Sai mai gyaran ƙwarya da ludayi, sai mai itace, wanda cinikinsa ba ya yankewa saboda dahuwar cin wuta gare ta. Ko dusar da aka tace ba ta zubewa a banza, masu kiwon aladu na jiran ta. Daga baya zamani ya sauya kayan aikin: rabin gangar ƙarfe ta ture randa a gidaje da yawa, injin niƙa ya sallami dutse, jarka ta karɓi aikin tulu. Maginiya ta yi asara, mai walda da mai inji suka samu.

Wanda ya fi kowa cin riba shi ne dillalin hatsi, kuma sau da yawa mutum ne da ko ɗanɗanawa bai taɓa yi ba. Malamai sun daɗe suna jan kunne cewa alhakin giya bai tsaya kan mashayi kaɗai ba. Amsar 'yan kasuwa ita ce dawa dai dawa ce, ba a tambayar mai saye ko tuwo za ta tuƙa. Gardamar ba ta mutu ba har yau.

A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin giyar kwalba suka koma neman dawa. Lafiya kuwa tana kan hanyar da ta haɗa Makurɗi da Jos, garuruwan da kowannensu ke da irin wannan kamfani a lokacin. Buhun da a da mai burukutu da uwargida kaɗai ke tayawa, sai ga mai saye na uku ya shigo kasuwa da babbar mota.