Rubuta ƙarar abin da ba ya ƙara a labaran zane na intanet

Mai karanta labarin zane ya saba ganin haruffa masu kauri a gefen hoto suna kwaikwayon ƙara, kamar karon mota ko fashewar bam. Shirin Batman na talabijin da aka fara a 1966 ya ƙara yaɗa salon. A labaran zane na intanet kuwa, sai ka tarar an rubuta "harara" ko "waiwaye" da irin haruffan nan, a gurbin da ake sa ran ƙara, alhali harara ba ta da sauti.

Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin kasala, wai mai zanen ya gaza nuna motsi sai ya fake da rubutu. Wani lokaci haka ne. Amma ina ganin asalin abin giɓi ne a harshe, kuma ya girmi intanet. Erika Fuchs, wadda ta riƙa fassara labaran Donald Duck zuwa Jamusanci tun 1951, takan datse jelar aikatau ta mayar da shi tamkar sauti: seufz don ajiyar zuciya, grübel don zurfin tunani. Har yau Jamusawa kan kira wannan siga Erikativ, don tunawa da ita. Masu zanen manga na Japan ba su sha wannan wahala ba, domin harshensu yana da gitaigo, kalmomin da ke siffanta yanayi marar sauti. Shiru kansa ana rubuta shi shiin. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda da amsa-kama yake cewa wuri ya yi tsit, ko wane ya miƙe zumbur. Ingilishi ba shi da yalwar irin waɗannan, don haka sai ya tura aikatau ya yi aikinsu.

Intanet ta ƙara wa dabarar ƙarfi ne kawai. Sau da yawa mutum ɗaya ke zane, ya yi rubutu, ya wallafa, ga allon waya ƙarami, ɗage gira ba ya fitowa sosai. A dandalin Webtoon, wanda kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya buɗe a 2004, ana jan labari ne daga sama zuwa ƙasa, sai kalma guda a tsakiyar farin fili ta tsayar da yatsan mai karatu na ɗan lokaci. Koriyanci ma cike yake da amsa-kama, kuma idan aka zo fassara su zuwa Ingilishi, galibi aikatau ake dasawa a gurbinsu.