Ƙawance a Karkarar Tsanyawa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya wuce Bichi, ya shiga ƙasar Tsanyawa, inda gonakin gero da dawa da gyaɗa suka haɗe har babu daji tsakanin ƙauye da ƙauye, yana iya zaton matan da ke bayan dangogin kara, tun da kulle ya tsare su, ba su da wata jama'a sai ta gidan miji. Alhali kuwa tun kaka da kakanni suna da tasu, ita ce ƙawance, wadda ta saɓa wa sauran alaƙoƙi ta fuska guda: mace ba ta zaɓi iyayenta ba, a da ma galibi ba ita ke zaɓen mijin fari ba, kishiya kuwa ƙaddara ce, amma ƙawa da kanta take nema.

Yarinya takan lura da sa'arta a dandali ko wurin talla, ta jarraba kunyarta da riƙon sirrinta, in hali ya zo ɗaya sai kyauta ta shiga tsakani, iyaye su shaida. Daga nan haƙƙi ya hau wuyan kowacce, domin ƙawa ce mai zama da amarya a lalle, ita ce mai rakiya, ita ce kuma mai gudummawa ranar suna, wadda bisa ƙa'idar biki akan rama ta da ninki, har sai nauyin ya gagara a koma farko. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta buga tarihinta a 1954, ta yi bayanin ƙawayenta filla-filla, kuma al'adar ɗaya ce da ta ƙasar Kano.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, bauta ta yi ta ja da baya, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuɗin gyaɗa ya shigo ƙauyuka, kulle ya yaɗu har gidajen talakawa, sai sana'ar mata ta koma cikin gida: kaɗi, dakan fura, matsar mai da ƙuli-ƙuli. Jarin wannan sana'a adashi ne, shi kuwa ba shi da alƙali, ba shi da takarda, sai amanar uwar adashi da ta masu zubi. A ganina nan ne duban hali ya zama wajibi, don wadda ta ƙulla da maciyiya amana, jarinta ne zai salwanta.

Taron mata don neman ilimi ya girmi zuwan Turawa, gama Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajoji, wato malamai mata, na kai karatu ƙauyuka. Sai dai tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, aka kuma kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985, makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita, aƙida ta shiga ma'aunin zaɓen ƙawa, ta yadda ɗalibar da ta baro Tsanyawa zuwa kwalejin horon malamai ta Bichi ko Jami'ar Bayero takan tarar, kafin a san halinta, an fara tambayar wace makaranta ta yi, wane malami take sauraro, ko gidansu na ɗariƙa ne.