Yadda Kwamfutoci Suka Koyi Ba Juna Hanya

A 1971, Norman Abramson da abokan aikinsa na Jami'ar Hawayi sun haɗa kwamfutocin tsibiran jihar da babbar kwamfutar Oahu ta rediyo, suka kira tsarin ALOHAnet. A kan mita ɗaya kowace ke aika saƙo, don haka saƙonni sukan yi karo su lalace. Sai aka kafa doka: wadda ba ta ji amsa ba ta dakata, ta zaɓi tsawon jiranta da ka, sannan ta sake aikawa. Da jiransu ɗaya ne, da sun sake karo.

Ethernet ya gaji dabarar a 1973, Wi-Fi a 1997. Har yau, idan muka taru a kan Wi-Fi ɗaya, haka wayoyinmu ke saurara wa juna.