Adon bango a Damagaram: tarihin zane da zanko

Duk wanda ya ratsa lungunan Birni a Zinder, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne fuskokin gidaje: zankwaye a tsaye bisa kusurwoyin soro, zane ya kewaye ƙofar zaure, wani an tayar da shi da laka ya yi tudu, wani an tsaga shi a jikin yaɓe, wani kuma an bi shi da farar ƙasa da ja da shuɗi. Sau da yawa akan ce wa baƙo haka adon nan yake tun kaka da kakanni. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana rufe abin da ya fi dacewa a sani, wato cewa adon gini yana da tarihinsa. Ya sake wuri, ya sake kayan aiki, ya sake masu biyan kuɗinsa, kuma bai taɓa daɗewa a bango ba sai da hannun da ke sabunta shi.

Adon da ke da aiki

A ginin tubali, babban abokin gaba shi ne ruwan sama, kuma yawancin abin da muke kira ado an fara yin sa ne domin kare gini. Rawanin soro, wato ɗan bangon da ke kewaye da rufi, yana tattara ruwa ya kai shi ga indararo, indararo kuma ya zubar da shi nesa da tushe. Zanko yana ƙara wa kusurwa kauri a daidai inda ruwa ya fi ci, kuma magina sukan ce a jikinsa ake ɗaura igiya in za a hau gyara.

Haka abin yake wajen shafe. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana cuɗa ta da ƙasa a shafe bango, ta ba shi launi mai duhu, ta kuma rage masa shan ruwa. Laso ya fi ta ƙarko, kuma haɗa shi yana buƙatar katsi daga marina, da gashin dabba daga majema, da dafara daga daji. Ke nan magini ba ya kammala aikinsa sai da marini da majemi. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa laso ya yi wuya a garuruwanmu: da marina suka mutu, katsi ya bi su.

Daga fada zuwa bakin hanya

Zinder ta bunƙasa ne a ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulkinsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa. Garin ya zama mahaɗar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Agadas zuwa Kano da Barno, fatake kuma suna sauka a Zango, bayan ganuwa.

A wancan zamani, gwanintar magina ta fi bayyana ne a cikin ɗaki. A fadoji da manyan masallatai na ƙasar Hausa ake ganin bakan gizo da ɗaurin guga, da azara da aka jera a rufi bisa tsari, da zane mai tudu a jikin ginshiƙai. Masallacin Jumma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, shi ne mashahurin misali. Irin wannan aiki na sarakuna ne da manyan gari, kuma sarkin magina ne ke jagorantar masu yin sa.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, kuma garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. A 1911 ne kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, abin da ya karya fataucin hamada, ya juyar da fuskar kasuwanci zuwa kudu. Cinikin gyaɗa da fatu ya fito da sababbin attajirai waɗanda ba su gaji sarauta ba. Su ne suka ba da ƙarfi wajen fitar da ado daga cikin soro zuwa fuskar zaure, inda kowane mai wucewa zai gani. Yalwar zanen waje da ake alfahari da shi a Zinder, da Kano, da Zariya, galibinsa aikin ƙarni na 20 ne. Shi ya sa a wasu gidajen Zariya da Kano ake tarar da keke ko jirgin sama a cikin zane, kusa da dagi.

Riga da bango

Ina magina suka samo siffofinsu? Amsar tana jikin babbar riga. Dagi, da askaki masu tsini irin na aska biyu da aska takwas, da tambari mai murɗe, duka suna cikin aikin maɗinka, kuma da yawansu ana ganin su a aikin dukawa da adon littattafan da malamai suke rubutawa da hannu. Maɗinkan riga da dama almajirai ne ko malamai, waɗanda suka saba da alƙalami da tawada, suna zana siffa a kan ƙyalle kafin a bi ta da zaren tsamiya.

Dangantakar ta wuce kamannin siffa. Aikin riga yana taruwa ne a wuya da bakin aljihu, wuraren da suka fi saurin yagewa, kamar yadda zanen gida yake taruwa a bakin ƙofa da kusurwa. Harshe ma ya shaida haka, tun da ya ba soro rawani, ya ba shi zanko irin na kai. Bahaushe ya ɗauki gida kamar mutumin da ake tufatarwa, kuma wanda ya tsaya a ƙofar zaure yana iya gane matsayin mai gida kamar yadda zai gane shi daga rigarsa.

Siminti da abin da ya biyo baya

Da siminti ya wadata, magina sun karɓe shi hannu biyu, suna tsaga zane a jikinsa tun yana ɗanye, daga baya a bi da fenti. Zanen ya ƙara kaifi, launi ya ƙara yawa. Sai dai siminti da laka ba su tafiya tare: in ruwa ya sami kafa ya shiga tsakaninsu, yakan ci tubali a ɓoye har yaɓen ya ɓanɓare gaba ɗaya. Ga shi kuma gyaran shekara-shekara da aka saba yi kafin damina ya ragu, domin mai gida ya ɗauka ya huta. Da bulo da kwano suka zama alamar wadata, ƴaƴan magina da yawa sun bar sana'ar.

Duk da haka gwanintar ba ta ƙare ba. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya gina masallacin Jumma'a da laka a 1962, ya ƙawata shi da hasumiyoyi huɗu daga 1975 zuwa 1982, kowace da irin adonta, kuma aikin ya sami kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, an mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu a 2018, tare da maginan gargajiya cikin aikin.

A Zinder kuwa, an saka Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da Nijar take neman UNESCO ta amince da su tun 2006. Amma a watan Satumba na 2024, ruwa mai yawa ya rusa tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Suna a cikin jeri bai tare ruwa ba.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan yana nuna cewa abin da ake gada shi ne sani: yadda ake jiƙa makuba, yadda ake haɗa laso, sunan kowace siffa da wurin da ya dace da ita. Malamin makaranta yana iya fita da ɗalibansa cikin unguwa su kwafi zanen ƙofa guda, su tambayi wanda ya yi shi da shekarar da aka yi shi. Ƙungiyar raya al'adu tana iya zama da tsofaffin magina da maɗinka ta rubuta kalmominsu, ta kuma ɗauki nauyin shafen gida ɗaya kowace bazara, matasa suna kama aiki. Zanen da ya zube ana iya mayar da shi muddin mai hannun yana raye, kuma waɗanda suka yi aiki da laso a ƙuruciyarsu tsofaffi ne yanzu.