Jirgin Ƙasa da Garinmu: Waiwaye Kan Layin Dogon Zariya Zuwa Ƙaura Namoda

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A fitowar mujallarmu ta bana mun ga ya dace mu waiwayi wani abu da ya taka rawa ƙwarai wajen bunƙasar garinmu, wanda kuma yawancin 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna da Kano da Abuja da Ikko ba su san labarinsa ba sai a bakin kakanni, wato jirgin ƙasa. Duk wanda ya buɗe taswirar layukan dogo na Najeriya zai ga wani reshe ya ɓalle daga Zariya ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya zo ya tsaya cik a Ƙaura Namoda. Daga nan babu sauran ƙarfe. Yadda aka yi ya iso mana, da abin da ya kawo, da yadda ya ja baya, shi ne abin da za mu bi daki-daki.

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa dogo ne daga Ikko, ya isa Badun a shekarar 1901. A nan Arewa kuwa, an soma aikin layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. An zaɓi Baro ne saboda tana bakin Kogin Kwara, inda jiragen ruwa za su iya sauke ƙarafa su kuma kwashi kaya zuwa teku. Ƙarfen ya isa Kano a 1911. Layin Ikko ya zo ya haɗu da shi a Minna, sa'an nan a 1912 aka game su biyun ƙarƙashin hukuma ɗaya. Kafin a gama gadar Jebba a 1916, a kan jirgin fito ake tsallakar da taragu daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Bai kamata mu manta da waɗanda suka yi aikin da hannunsu ba. Talakawa ne aka riƙa ɗebowa ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba, suka sare daji, suka fasa duwatsu, suka yi dakon ƙasa a ka. Ladan da aka biya su da sulallan Turawa yana cikin abubuwan da suka sa kuɗin ƙarfe suka kori wuri daga kasuwanninmu.

Abin da Turawa suka sa rai da shi tun farko shi ne auduga, domin masaƙun Ingila. Amma da jirgi ya isa Kano sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka raja'a a kanta, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar birnin, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice a cinikinta. Ganin haka ya sa gwamnati ta miƙa rassa zuwa wuraren da ake noma. Reshenmu, mai tsawon sama da kilomita 200, an kammala shi a 1929, na Kano zuwa Nguru kuma a 1930. Ta gabas, layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu, inda ake haƙar kwal ɗin da jiragen ke ci, ya iso Kaduna ta Kafancan a 1927. Reshe na ƙarshe babba shi ne na Barno, wanda ya bi ta Bauci da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964. A dunƙule, ƙasar ta mallaki dogo mai tsawon kimanin kilomita 3,500, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6 tsakanin ƙarafansa.

Da yake layin bai ƙarasa Sakkwato ba, garinmu da Gusau suka zama mashigar kayan ƙasar Zamfara da maƙwabtanta. Jakuna da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, su ke kawo gyaɗa da auduga da fata da ƙiraga zuwa bakin tasha. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da ma'auni, aka gina gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Gusau. Jirgi ya tafi da shanu Kudu, ya dawo da goro da gishiri da kananzir da atamfa. Goron da a da fatake kan yi watanni suna ɗaukowa daga Gwanja, sai ga shi yana zuwa daga ƙasar Yarbawa cikin 'yan kwanaki. Ma'aikatan reluwe, Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu, suka zauna tare da mu, wasunsu a nan suka haifi 'ya'yansu. Mu ma ta wannan hanya iyayenmu da yawa suka fara fita neman ilimi da fatauci da aikin gwamnati, wasu suka yada zango a Sabo ta Badun ko Agege. Ashe ke nan zamanmu na birane a yau yana da tushe a wannan tasha.

A 1955 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, mai hedikwata a Ebute Metta ta Ikko, aka danƙa mata jigilar fasinja da kaya a duk faɗin ƙasa. Shekarun farko na 'yancin kai su ne lokacin da tauraruwarta ta fi haskawa, domin a 1964 ta ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11. Shekara goma bayan haka, adadin bai kai miliyan 5 ba.

Dalilan wannan koma baya suna da yawa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, ya kuma raba hukumar da ƙwararrun ma'aikata masu yawa. Kuɗin man fetur suka karkata hankalin gwamnati ga titunan kwalta, tirela da bas suka kwashe kaya da mutane saboda sun fi sauri. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman da aka gina layin dominsa. Ga shi kuma ƙarafan sun tsufa, suna da kwana da yawa, ba su barin jirgi ya yi gudu. An ɗauko ƙwararru daga Indiya sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara, amma ba a ga canji mai ɗorewa ba. Rassa irin namu, waɗanda ke ƙarshen layi, su suka fi jin jiki.

A 'yan shekarun nan an sake waiwayar harkar. A watan Disamba na 2012 jirgin fasinja ya koma zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano bayan an gyara tsohon layin, ko da yake tafiyar takan ci sama da awa 30. A 2016 aka buɗe sabon layi mai faɗi daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna, tafiyar kimanin awa biyu, wanda da yawa daga cikinmu mun shiga. Na Warri zuwa Itakpe ya biyo baya a 2020, na Ikko zuwa Badun a 2021. A wannan shekarar ce kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, inda aka rasa rayuka aka kuma sace fasinjoji, ya tsayar da jigila har zuwa watan Disamba na shekarar, ya kuma nuna cewa dogo ma sai da tsaro.

Abin lura a nan, 'yan'uwa, shi ne babu ko ɗaya daga cikin sababbin layukan nan da ya biyo ta wajenmu. Alhali kowa ya san halin da matafiya suka shiga a hanyar Funtuwa zuwa Gusau a shekarun nan, ya kuma san yadda kuɗin mota ke cinye ribar manomin da ya kai hatsi ko dabba kasuwa. Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garinmu tun 1983, waɗanda ke zuwa daga sassa daban-daban na ƙasar nan.

Wata ƙofa ta buɗe a 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, wadda a da ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai. Saboda haka yanzu muna da wurare biyu na kai kuka, Abuja da Gusau. Muna kira ga 'yan majalisarmu da manyan ma'aikatanmu da su haɗa kai da takwarorinsu na Funtuwa da Tsafe da Gusau, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu: mu sa ido a kan filayen reluwe kada a cinye su da gine-gine, mu tsawata wa masu kwance ƙarafa suna sayar wa 'yan gwangwan, domin in filin ya tafi, dawo da jirgi zai ninka wuya. Haka kuma tsofaffin ma'aikatan tasha da fataken da suka yi zamani da ita suna ta ƙarewa. Ya kamata rassanmu na birane su ɗauki nauyin naɗar bayanansu da tattara hotuna da tsofaffin tikiti, a adana su a gida tun suna raye.