Tarihin Shari'ar Gona a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Yau hirarmu a kan shari'ar gona take. Ku da kuke Tasawa, ko Korgom, ko Mayahi, ko Kanambakashe, kun sani da an yi ruwan shuka sai rigimar iyaka ta tashi. To, bari mu duba yadda ake raba wannan gardama tun zamanin kakanninmu.

A da, gona ta wanda ya fara sare daji ce, ƴaƴansa su gada. In gardama ta tashi, sai a tafi wurin mai gari, in ta fi ƙarfinsa a kai fada. Malaman da ke shari'a suna duba littattafan mazhabar Malikiyya, kamar Risala da Muhtasar. Amma hujjar manomi baki ce: tsofaffi su ba da shaida, a nuna itace ko gamba ta kan iyaka, in abin ya ƙi a yi rantsuwa.

A 1899 sojan Faransa na Bule da Shanuwan suka ratso ƙasar nan da ɓarna, har ajalinsu ya same su wajen Maijirgi. Da mulkin Nasara ya kafu, sai dokar 1903 ta shirya gidajen shari'a hawa uku: na ƙauye, da na lardi, da na kumandan. Ga kuma dokar andijena, wadda ta ba kumandan ikon tsare talaka har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Sai a 1946 aka soke ta, ita da aikin dole.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, aka yi dokar 16 ga Maris 1962. Ita ta ce maganar aure, da saki, da gado, da gona marar takarda, a yanke ta bisa al'adar masu ƙara. Don haka alƙalin gwamnati yake zama da dattawa masana al'ada, suna ba shi shawara.

Amma jama'a ta ƙaru, daji ya ƙare, gonaki suka ci burtali. Tsofaffin da suka san iyaka kuwa suna ta rasuwa. A 1991 faɗan manoma da makiyaya a Toda, cikin jihar Maradi, ya ci rayuka fiye da 100. Ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta kawo hukumomin kula da filaye da ake ce ma Kofo. Su ke ba da takardar gado, da ta saye, da ta aro, da ta jingina. Sarki kuma aikinsa sulhu ne, a rubuta abin da aka shirya. Wanda bai yarda ba ya wuce gaban alƙali.

To, ɗan'uwa, ka ga inda tarihi ya kawo mu. Jiya baki ne shaida, yau takarda ce. Gonar da mahaifinka ya ba da aro shekara 30 da suka wuce, wa zai shaida maka ita gobe? Matar da aka hana ma gadonta, da me za ta tsaya? Wanda kuma bai iya karatu ba, yakan dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Saboda haka ka je a rubuta gonarka tun maƙwabta suna raye, ka riƙe ajin yaƙi da jahilci, don ka karanta kafin ka sa hannu. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.