Amsoshin Takardunku: Wa Ke Zana Hanyar Tseren Keke?

Tambaya: Wani mai sauraronmu, ɗan tireda a Sheme ta ƙaramar hukumar Faskari, yana son sanin yadda ake zaɓen hanyar babban tseren keke na Faransa, da kuma ko akwai ranar da irinsa zai ratso Ƙanƙara da Sabuwa.

Amsa: To malam, tseren nan da ake kira Tour de France asalinsa talla ne. A 1903 wata jarida mai suna L'Auto ta shirya shi don cinikinta ya ƙaru. Zango shida aka yi, kilomita 2,428. Mutum 60 suka tashi, 21 kaɗai suka kai, Maurice Garin ya zo na ɗaya. A 1904 ya sake yin gaba amma aka ƙwace nasarar saboda maguɗi, har an zargi wasu 'yan tsere da shiga jirgin ƙasa cikin dare.

Tun can farko sai an tura mutum ya duba hanya. A 1910 jaridar ta aiki Alphonse Steinès ya gano ko keke zai iya haye dutsen Tourmalet, kusa da iyakar Sifen. Dusar ƙanƙara ta tare motarsa, ya ci gaba a ƙasa cikin duhu, ya ɓace, sai da aka bi sawu aka same shi sanyi ya kusa halaka shi. Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya buga wa maigidansa tangarahu cewa hanya lafiya lau. A shekarar aka sa 'yan tsere suka hau dutsen, wasunsu suna turin keke suna zagi.

Yanzu zango 21 ake yi, sama da kilomita 3,000, galibi a watan Yuli. A watan Oktoba ake bayyana hanyar baɗi a birnin Paris. Kafin nan masu sha'awa suna ta hasashe, suna bin diddigin garin da aka kama ɗakunan otal da yawa. Gari kuwa kuɗi yake biya a sauka a cikinsa, don baƙi su zo kasuwa ta ci.

Akwai kuma na Burkina Faso, wato Tour du Faso, da aka fara a 1987, wajen zango goma, da kaka. Ba a yi shi ba a 2014 saboda cutar Ebola, haka ma a 2022 da rashin tsaro ya tsananta a ƙasar.

Nan ne amsar tambayarka ta biyu. Kwalta kam akwai: daga Funtuwa zuwa Sheme da 'Yankara har Gusau, ga kuma wadda ta ɓalle zuwa Ƙanƙara. Mahaya ma ba a rasa ba, wanda ya saba ɗora buhun masara a Rali ya san hawa. Amma masu shirya tsere kafin su auna tudu sai sun tambayi jami'an tsaro. Ayarin keke a fili yake tafiya, ba gilashi ba rufi, kuma an sanar da ranar wucewarsa wata da watanni. Ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 duniya ta ji labarinsu, kuma shi ne abin da baƙo zai fara tambaya a kai in an nuna masa taswirar.